Daminar da Muka Sa Mage a Kulle

Rannan da yamma ina zaune a ƙofar ɗakina a nan Limawa ina tsinke zogale, sai ga wata mage ta ɗare katanga da ƙadangare a baki, jelarsa tana reto. Ramammiya ce, kunne ɗaya a yage, da ganinta ka san ba wanda ya taɓa kiranta da suna. Ta tsaya ta ƙare min kallo kamar ni ce na shigo mata gida ba sallama, sannan ta dire abinta. Jikata ta ce ai irinsu sun cika bola da kwalbatoci da gindin duwatsu, har ƙananan yara tsoronsu suke ji. Na ajiye faifan na kasa kunne wajen duwatsun, don a da, daidai wannan lokaci ne tsuntsaye ke cika su da kuka. Ban ji komai ba sai ƙarar babura da ta masu fasa dutse. Maimakon in yi baƙin ciki sai dariya ta kubce min, har yarinyar ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne. Larai na tuna, magen kakata, wadda muka taɓa sa wa kulle kamar matar aure.

Gidan da na tashi shi ne na ƙarshe kafin ka shiga duwatsu, a wani ɗan ƙauye da yanzu gari ya haɗiye shi, an cike gonakinsa da gidajen bulo. Ta gabas ɗinmu ba maƙwabci sai wani katafaren dutse mai tsaga a tsakiya, da dabinai a gindinsa. A can muke shanya barkono da kuka, a can muke kai awaki, kuma ba ka taku goma ba ka tayar da wani abu mai rai ba. Kurege ya miƙe tsaye ya dube ka, damo ya kwanta shan rana ko a jikinsa, bushiya ta dunƙule in ka taɓa ta da kara, fakara ta tashi da ƙarfi ta sa gabanka ya faɗi. Da safe kuwa kafin taɓarya ta fara sauka a turmi, tsuntsaye sun riga kowa tashi. Yaran yanzu in ka ba su wannan labari sai su ɗauka wata ƙasa kake nufi, alhali nan ne dai inda suke sayen katin waya.

Cikin duk waɗannan halittu, waɗanda suka fi shiga rayuwar gidanmu su ne kajin dutse. 'Yan ƙanana ne, ba su kai rabin kazar gida ba, launin ƙasa, ƙafa ja, jela a ɗage kamar masu jin kansu. Ba su cika tashi sama ba, gudu suke a tsakanin duwatsu, kuma a ƙasa suke ƙwai. Ganinsu da wuya, amma jinsu ba sai ka nema ba. Da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, ɗaya za ta fara wani fito siriri mai hawa sama, sai wata ta karɓa, sai duk garken ya ɗauka gaba ɗaya har dutsen ya amsa.

Kakana, wanda kowa ke ce wa Malam, idonsa ya tafi tun kafin in yi wayo. Dogo ne, mai son barkwanci, amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi: ba ya so a riƙe masa hannu. Ya san tsakar gidan nan da tafin ƙafarsa, ya san inda butarsa take, ya san inda ake shimfiɗa masa buzu. Ƙafa ta yi rauni, ba ya iya zuwa masallaci kullum, muryar ladan kuma ba ta isowa gidanmu sai in iska ta ga dama, don lokacin ba lasifika. To kajin nan su ne agogonsa. Da sun fara kiran yamma ya san rana ta kusa faɗuwa, sai ya miƙe ya yi alwala ba tare da ya tambayi kowa ba. Kuma da yake daga dutsen gabas suke kiran, muryarsu yake fuskanta ya daidaita tsayuwarsa. "Ladanaina," haka yake ce musu. Ni kuwa Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Yakan ce, "Uwata, ke da ido, ni da kunne, mu ga wanda zai riga wani sanin magariba." Ban taɓa cin sa ba. Wani lokaci nakan yi tunanin da yau yake raye da ya sha wuya, don yanzu kiran salla ta kowace kusurwa yake zuwa, makaho in ya bi murya sai ya yi ta juyi a tsakar gida.

Kakata Iya ita kuma magenta ce duniyarta. Ranar Laraba aka kawo ta tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa ta ci suna Larai. Fara ce mai ɗigon baƙi a goshi, ta ƙoshi har wuyanta ya yi gammo. Ita ke lashe ludayin fura, ita ke kwana a ƙafar Iya. In Malam ya ce, "Ke kam kin fi kula da magen nan a kaina," sai Iya ta ce, "Ai ita ba ta yi min gardama, Malam." Haka suke kullum, in ba ka san su ba sai ka ce faɗa suke.

Mu dai ba ma kashe mage. Tun muna yara aka tsorata mu da alhakinta, ko jifanta ka yi sai an ja maka kunne. Amma mage tana haihuwa, ba kuma kowa ke iya ciyar da abin da ta haifa ba. Sai aka samu wata dabara da kowa ya ɗauka tausayi ce. In 'ya'yan sun fara cin tuwo, sai a zuba su a buhu, a yi ta juya buhun a sama don wai su ɓace hanyar gida, a kai su bayan duwatsu a sake, a ajiye musu ɗan tuwo da ruwa a fasasshiyar tukunya, a ce Allah ya haɗa ku da mai riƙo. Mutum ya dawo gida zuciyarsa fes, bai zubar da jini ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa me suke ci bayan tuwon nan ya ƙare.

Sannu a hankali kiran yamma ya fara raguwa. Malam ne ya fara lura. A da in garken ya ɗauka ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, sai ga shi a farkon wata damina murya biyu kaɗai ta rage, ɗaya ta kira, ɗaya ta amsa, shi ke nan. Wasu suka ce maharba ne, wasu suka ce shaho. Malam kuwa sai na ga yana ƙara matsar da buzunsa kusa da katangar gabas.

Wata rana da hantsi yana zaune yana jan carbi, ina gefensa ina ɓarar gyaɗar iri, sai ga Larai ta shigo da taƙama, ta ajiye wani abu a kan buzun daidai ƙafarsa, ta koma gefe ta zauna tana jiran yabo. Ya laluba ya ɗauka. Na ga yatsunsa suna bin ɗan jikin a hankali, suka tsaya a kan ƙafafun.

"Uwata, wane launi ne ƙafar nan?"

Na ce, "Ja ce, Malam."

Ya ɗaga murya ya ce, "Iyar yara, zo ki ga gaisuwar da 'yarki ta kawo min."

Iya ta fito da muciya a hannu, ta duba, ta ce, "Tsinta ta yi. Larai da ke cin fura da nono me za ta yi da tsuntsun daji?"

"To gashin da nake ji tana kakkaɓewa a baki fa, shi ma tsintarsa ta yi?"

Iya ta dubi Larai, Larai ta dubi sama. Ni dai na toshe baki don kada dariya ta fita, amma da na dubi fuskar Malam sai dariyar ta koma ciki. Bai saki ɗan tsakon ba, yana ta shafa shi da babban yatsa.

Da azahar ƙanen babana, wanda muke ce wa Baffa, ya dawo daga gona ya ji labari. Shi mutum ne mai saurin yanke magana, nan da nan ya ɗauko buhu ya ce a ba shi ita ya kai ta inda ake kai 'yan uwanta. Iya ta rungume Larai ta ce sai dai a sa su tare a buhun. Ana cikin haka Malam ya miƙa hannu ya ce a ba shi buhun ya taɓa. Ya riƙe shi ya ɗan jima, sannan ya ce, "Wannan ne ya cinye min ladanai, ba shaho ba. Wadda ta ƙoshi ma ga abin da ta yi don wasa kawai. To ina ga waɗanda muka kai can da yunwa, suka hayayyafa? Mun ƙi ɗaukar alhakin mage, mun je mun ɗora wa tsuntsu." Baffa ya sosa ƙeya, don shi ne ma ake aika da buhun in ta kama.

Kashewa dai ba a yi, yarwa kuma ta haramta daga ranar. Iya ta zauna a kan turmi, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To tunda yawo ne ya ɓata ta, daga yau Larai ta shiga kulle. Ba ƙofar gida, ba katanga, sai kajin dutse sun yaye 'ya'yansu."

Baffa ya ce, "Iya, ba an ce kulle mage zunubi ba ne?"

Malam ya ce, "Yunwar ce zunubin, ba ƙofar ba. A ba ta ci, a ba ta sha, a share mata wuri. In ta rame, alhakin yana wuyanmu."

Ɗakin da muke ajiye dammunan hatsi aka gyara mata. Baffa ya liƙe ramuka da laka, ya toshe 'yar tagar da tsohuwar rariya don iska ta shiga amma mage kada ta fita. Ni aka ɗora wa hidimarta: in kai mata fura da safe, in canza mata ruwa, in ɗebo yashi in zuba a fasasshiyar tukunya, in kwashe na jiya. Kafin la'asar labari ya zaga ƙauye cewa gidan Malam an yi wa mage kulle. Mata suka fara shigowa ganin amarya. Maƙwabciyarmu Gwaggo Asabe, wadda ba a yin abin dariya ba da ita ba, ta zo da kan busasshen kifi a ƙunshe cikin ganye ta ce gudunmawarta ce, ta leƙa ta rariya ta rangaɗa guɗa. "Iya, amaryar nan ba kunya, ko lulluɓi ba ta yi ba, ga ta tana zare min ido!" Iya ta ce, "Ki bar ta, Asabe, ke ma da aka kai ki haka kika yi ta kuka kina yagar ƙofa." Aka yi ta shewa har tuwo ya kusa kamawa. Har yau ban san wata damina da aka yi dariya a gidanmu kamar wannan ba.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne masu zawarci. Larai ta yi kwanaki tana rera kukanta a ɗaki, sai ga muzuran duwatsu sun fara saukowa da almuru, suna jeruwa a kan katanga, manyan kawuna, fuska duk tabo, kowa yana gwada muryarsa. A nan ne muka ga yawan abin da muka shuka a bayan dutse. Malam ya ce, "Baffan yara, baƙi sun zo neman aure, ba za ka shigo da su ba?" Baffa ya ɗauko akurkin kaji ya kifa a gindin tagar, ya tokare bakinsa da kara mai igiya, ya sa kifi a ciki, ya laɓe bayan rumbu. Duk wanda ya shiga gaisuwa sai akurki ya rufe da shi. Ranar kasuwa ya ɗora su a jaki ya kai wa masu ajiyar hatsi, wasu aka wuce da su Taura, wasu Aujara, inda ɓeraye suka addabi mutane, da sharaɗin a riƙe su a ɗakin ajiya a kuma ciyar da su. Malam kuma ya sa aka raka shi majalisar dattawa ya roƙi kowa da ya daina kai buhu bayan dutse, in mage ta haihu a bi gida gida a nemo mai so. Ba zan ce mun share duwatsun ba, maguna matan da ke can da 'ya'yansu ba duka suka shiga hannu ba. Amma an rage, kuma ba a ƙara ba. Yanzu ko wahalar ɗaukar buhun ma ba wanda ke yi, a bola maguna suke haihuwa, su girma ba wanda ya san da su, su bi duk abin da ke motsi a gindin dutse.

Kada ku damu da Larai, ta fito da kaka ta fi da ƙiba, ɓerayen ɗakin hatsi kuwa ba wanda ya tsira ya ba da labari. Kowace damina haka aka riƙa mayar da ita har ta tsufa, wasu gidajen ma suka kwaikaya. Amma a waccan daminar ta farko ba mu san yadda abin zai ƙare ba, don ana tsakiyar wannan raha sai murya biyun nan ma suka ɗauke. Safe shiru, yamma shiru. Malam ya zauna a gindin katanga har duhu ya fara, ya kasa kunne, ba abin da ke zuwa sai kukan kwaɗi. Ran nan na ji abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, a hankali don kada Iya ta ji, "Uwata, rana ta faɗi?" Na ce ta faɗi. Ya yi alwala ya hau buzu, da yake iska ta karkatar da buzun bai sani ba, sai ya fuskanci turken awaki. Na tsaya ina jin nauyin abin, sannan na je na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ranar bai cinye tuwonsa ba. Tun daga nan ya zama aikina kullum in faɗa masa lokaci in kuma juya shi, kuma wallahi ban taɓa yin aikin da na ƙi jininsa kamar wannan ba, don duk sanda na taɓa kafaɗun nan sai in ji sun ƙara sauka. Barkwancin ma ya daina.

Baffa ya ce tunda kajin sun ƙare a saki Larai ta huta. Na ɗauka Iya za ta yi murna, ita da kullum take ƙorafin ƙafarta na sanyi ba mai ɗumama mata. Sai ta ce, "Ba inda za ta. Kazar da aka cinye wa 'ya'ya takan sake kwanci, mai kwanci kuma ba ta surutu. Ni na haihu, na sani." Baffa ya ce in kuma ba haka ba ne fa? Ta dubi inda Malam ke zaune ya sunkuyar da kai, ta ce, "To sai ta zauna har in gaji da jira, kuma ban gaji ba."

Haka muka yi ta tafiya har gero ya fitar da kai. Wata yamma an yi ruwa an ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, Iya tana kwashe tuwo, ni ina kora awaki turke, Malam yana inda ya saba. Sai fito ɗaya siriri ya taso daga tsagar dutse. Na tsaya cak da igiya a hannu. Wata ta amsa. Kafin mu ce wani abu sai ga waɗansu muryoyi sun biyo baya, ba su iya ba, suna hawa suna karyewa a hanya kamar samarin da muryarsu ta fara buɗewa, amma da yawansu, kowa yana son a ji shi. Iya ta saki mara a cikin tukunya ta rangaɗa guɗar da ban san tana da sauran ƙarfinta ba. Malam ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe, sai ya fashe da dariya har hawaye na bin gemunsa.

"Ku ji min 'yan koyo! Wannan na ƙarshen ko ni na fi shi murya. Iyar yara, kin ji su?"

"Na ji su, Malam. Sai ka tashi, kada ladananka su ce ka makara."

Ya laluba butarsa ya yi alwala, yana yi yana murmushi. Da ya taka buzu sai na sheƙo da gudu kamar yadda na saba, na miƙa hannu zan kama kafaɗarsa. Ya ji tafiyata, ya ɗaga tafinsa ya tsayar da ni.

"Bar shi, Uwata. Je ki ɗaure awakinki."

Na janye hannuna na koma baya. Ya karkata kai ya saurara, ya juya da kansa a hankali har fuskarsa ta daidaita da dutsen, ya miƙe tsaye sosai yadda na daɗe ban ga tsawonsa ba, ya ɗaga hannuwa ya yi kabbara.